Sarewar Baba Jatau da Zanen Rumbu

Matasan da ke zama a bencin ƙofar shagona da la'asar sun yanke hukunci cewa sana'ata ta mutu. Wai yanzu kowa situdiyonsa na cikin aljihunsa: ka ɗauki hoton abu da waya, ka danna, ta yi maka kiɗan da ya dace da hoton kafin ka gama hamma. Ba na musu da su. Ni ma na yi shekaru ina yin abin da wayar take yi, kuma ba ta fi ni sauri ba. Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan shi ne akwai aikin da na ɓata da hannuna, ina so in faɗe shi tun bakina na motsi. Allah Ya yafe mini.

Sunana Garba, haifaffen unguwar Muciya a Zazzau. Firamare na gama na tsaya. Ɗaukar sauti kuwa a hannun wani mutumin kudu na koya, Oga Sunday, a wani ɗaki da ke bayan masu sayar da kayan wuta a unguwar PZ. Ranar Lahadi shi ke kaɗa fiyano a cocinsu, sauran kwanaki yana situdiyo. Wata uku na fara yi ban danna komai ba. Aikina liƙa kwalin ƙwai a bango don kada murya ta dawo, share kan na'ura da auduga da sifirit, da naɗe kaset da biro idan ya warware.

Na'urarmu ta kaset ce mai layi huɗu. Ma'ana, a kan kaset ɗaya kana iya ɗaukar abu huɗu daban-daban, murya a layinta, ganga a nata, kowa da gidansa, sannan ka haɗa su ka juye a wani kaset ɗin. Na farkon shi muke kira uwa, wanda ake ba mai aiki kuma 'ya. In 'ya ta lalace, ko mai aiki ya ce ganga ta yi yawa, sai a koma wa uwa a sake haɗawa. Oga Sunday bai taɓa goge uwa ba. Yakan rubuta sunan mai ita ya jera a kwali, kwalayen har sun kusa taɓa silin.

Yana da wata ɗabi'a da take ba ni haushi. Kafin ya danna jan madanni sai ya zaunar da mai aiki ya yi ta tambaya: wa za a yi wa waƙar, me ya faru, wa zai ji ta, a ina. Wata rana matan zumunta na coci suka zo da anko, sun cika ɗaki, janareta na shan mai a waje, shi yana nan yana tambayar shugabarsu me ya sa baiti na uku ya yi sanyi. Ashe don wata 'yar ƙungiyarsu da ta yi ɓari aka rubuta shi. Ya cire ganga a baitin. Ni a ranar man da ke ƙonewa kawai na gani. Da ya tsufa ya koma garinsu, ya bar mini na'ura da fiyano da kwalayen, abin da na fara sallama shi ne tambayar nan.

Masu aiki kala-kala ne. Akwai angwaye masu son a jero sunayen dangin amarya kaf, in an manta mutum ɗaya sai an sake waƙa. Akwai masu bege da mandirinsu, waɗanda ba sa yarda fiyano ta raɓe su. Akwai masu tallan magani, su suka fi kowa sanin abin da suke so: murya ta yi amo kamar daga cikin rijiya take fitowa, don a yarda maganin daga nesa ya zo. Duk waɗannan na iya da su, domin waƙarsu da kalmomi take zuwa, kalmomin su ke gaya maka inda aka dosa. Aikin da ba shi da kalma ko ɗaya shi ne na ɗaliban zane.

Wani ɗalibi mai gemu daga jami'ar da ke Samaru ya fara kawo mini shi. Ya shigo da zane kusan girman ƙofa ya jingina da bango, a bayansa abokin ɗakinsa riƙe da jita mai tsirkiya biyar, ta shidan ta tsinke. Ya ce za su yi baje kolin kammala karatu, yana so a ajiye rediyo a gindin zanensa kiɗa na tashi, kuma abokin nan nasa ne ya ƙirƙiri kiɗan da kansa.

"Oga, kalli zanen nan da kyau. Me ka ji?"

"Warin fenti."

"A'a, a ranka nake nufi. Yanayin nake so kiɗan ya kama, ka gane?"

Na ce na gane. Har yau ban san ko doki ne a zanen ba ko gobara.

Shekarar da ta biyo baya kowane ɗalibi sai da ya nemi rediyo a gindin zanensa, kuma kowa da makaɗinsa na gida: abokin ɗaki, budurwa mai waƙa a coci, kawu mai garayar da ya gada bai koya ba. Babu gwani ko ɗaya a cikinsu. Wani zai fara a hankali ya ƙare a guje. Wata ba ta da komai sai amo uku da take maimaitawa ta hanci. Nakan ɗauka, in sallame su, in zauna in yi wa abin sutura.

Riguna uku gare ni, duk a cikin fiyano na adana su. Ta farko Biki: kalangu da ganga da gudu. Ta biyu Hawaye: kukuma mai ja a hankali. Ta uku Ruwa, wani sauti mai kama da yayyafi a kan kwano. In zane ya yi ja da rawaya, Biki. In ya yi duhu, Hawaye. In ban gane kansa ba, Ruwa. Ɗaliban Samaru sun sha Ruwa a hannuna ba kaɗan ba. Kallon zanen ba ya ɗaukar ni lokacin da zan shanye kofin shayi, kuma shekara da shekaru babu wanda ya dawo da ƙorafi. Nakan je baje kolin in tsaya a baya ina jin manyan baƙi suna cewa kiɗan ya shiga cikin ruhin zanen. Wani lokaci zane huɗu a jere riga ɗaya na sa musu, kowanne kuma aka ce ruhinsa daban.

Yanzu da nake tunawa, 'yan koyon nan sun fi ni kusa da zanen. Ba su iya ba, amma suna ɗakin lokacin da ake yin sa, sun san ranar da mai zanen ya ƙi cin abinci. Mai amo ukun nan, zanen da ta biyo na kujera ne babu kowa a kai, amon nata ma haka yake, babu kowa a kai. Ni na zo na zaunar da kukuma shida.

Sai muguwar shekara ta zo. Aka rufe jami'a, ɗalibai suka tafi gida wata da watanni, Samaru ta koma kamar an share. A lokacin ne kuma manyan situdiyoyi suka koma kwamfuta da faifai, angwaye suka bi su. Sabon kaset ya yi wuya a PZ, wanda ake samu ma jabu ne, yana cin kansa a cikin na'ura. Na fara da kwalayen Oga Sunday: in ɗauko kaset ɗin wanda na tabbata ya mutu ko ya bar gari, in goge in ɗora sabon aiki. Da na cinye na matattu sai na shiga na masu rai. Shekarar ta wuce, ɗalibai suka dawo, kaset ya samu, amma hannuna ya riga ya saba. Ina faɗin wannan ne don a san yadda aka yi, ba don a ce shekara ce ta jawo ba. Ranar da na yi ɓarnar da zan faɗa, akwai sababbin kaset biyu a aljihun teburina.

Malama Hannatu ta zo wata Laraba da hantsi, a tsakiyar bazara. Ta girmi sauran ɗaliban, don ta yi shekaru tana koyarwa a firamare kafin ta koma karatun zane. Danginta mutanen wani ƙauye ne can bayan Shika, manoma, kakanninsu addinin gargajiya suka bi, su kuma Kirista ne. Zanenta a lulluɓe yake da tsohuwar atamfa. Tare da ita akwai wani dogon tsoho da takalmin taya, mahaifinta, Baba Jatau. A aljihun rigarsa sarewar kara ce, irin wadda ake yankowa a gona a huda da ƙusa mai zafi.

Ta yaye atamfar. Rumbu ne an ɗage masa jinka, dawa ta zubo ja wur, mata sun kewaye da ƙore, rana ta haske komai rawaya. Kafin atamfar ta kai ƙasa na sa masa Biki a raina.

"Malam Garba, bari in ba ka labarin zanen tukuna."

"Malama, ai ido ya gani. Rumbu, dawa, mata. Mu ma jikokin manoma ne."

"Ba abin da kake zato..."

"Akwai ango a waje tun safe yake jira. Baba, bismillah, ga kujera."

Tsoho ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa yana fuskantar zanen, sai da na sauko da makirfo. Ya ƙi abin kunne. Ya ce a kashe fanka. Hannatu ta matso ta ce mini a hankali ya fi shekara bai taɓa sarewar nan ba, wata uku ta yi tana roƙonsa kafin ya yarda, kuma ya ce sau ɗaya zai busa.

Na danna jan madanni. Ya busa wani layi guda mai hawa a hankali, kamar mutum mai tahowa daga nesa, ya kai wani wuri ya tsaya cak. Allurar na'ura ta kwanta. Na ƙirga a raina har takwas, kaset na tafiya a banza, sannan ya ɗauka. Ya sake kaiwa wurin, ya sake tsayawa. Sau bakwai ya yi haka, ya mayar da sarewa aljihu.

"Baba, ko a sake? Numfashin yana ɗan yankewa."

"Bai yanke ba."

"Akwai wuraren da aka yi shiru."

"Na ji su," in ji shi.

Da za su fita Hannatu ta ce, "Don Allah kada ka yi masa yawa. Hucin iskar nan kawai za ka rage." Na ce ta bar mini, aikina ne.

Ga yadda na yi, don masu cewa aikin da sauƙi su san ɓarna ma sai da gwaninta. Sarewa na layi na ɗaya. Na murɗa madannin gudu, ta ƙara sauri, ta ƙara zaƙi, tsoho ya koma kamar saurayi. Layi na biyu kalangu, na uku babbar ganga, sai da na yi ta bin sa da yatsa domin bugunsa ba ya zama wuri ɗaya. Yini guda na yi a kai. Amma ramukan nan bakwai suna nan, ganga na wucewa a kansu babu mai hawa. Sai na leƙa waje na kira Asabe mai abinci, wadda ake ɗauka guɗa a bukukuwan Sabon Gari.

"Wa ke aure, Garba?"

"Rumbu."

"To, Allah Ya ba da zaman lafiya."

Ta share hannu a gefen zaninta, ta kama hanci, duk inda na ɗaga mata yatsa ta rangaɗa. Bakwai cif. Na haɗa na juye a 'ya biyu, ɗaya ta Hannatu, ɗaya na ajiye wa kaina don aikin ya yi mini daɗi. Jajibirin baje kolin wani mai maganin ɓera ya zo da gaggawa yana son talla. Uwar kaset ɗin sarewar ce a cikin na'ura. Buɗe aljihun tebur da ɓare sabon kaset ne ya yi mini nisa. Na mayar da ita farko na danna ja.

Da safiyar ranar na kai mata kaset ɗinta can Samaru da kaina. Na makara kamar kullum, har an buɗe ƙofa mutane sun fara shiga, don haka ba ta samu ta saurara ba. Ta karɓa ta sa a rediyo ta danna. Kafin guɗa ta biyu ɗakin ya juyo wurinta. Ɗalibai na kaɗa kafaɗa. 'Yan'uwanta biyu, 'ya'yan ƙanen tsohon da suka zo daga ƙauye, sai washe baki suke yi, wai ashe Baba ya iya haka. Hannatu ta kai hannu za ta kashe, sai ga masu ba da maki sun iso. Babbansu ya tsaya ya harɗe hannu, ya ce a mayar farko. Ya saurara har ƙarshe, ya ce a duk ɗakin babu inda kiɗa ya hau zane daram kamar nan, mutum har ƙamshin kaka yake ji. Na gyara hulata.

Baba Jatau ya ratso mutane ya zo gaban rediyon, ya sunkuya ya kara kunne. Ya jira guɗa ta wuce, sannan ya ɗago ya neme ni da ido.

"Malam, wace ce wannan?"

"Maƙwabciyata ce, Baba. Asabe."

"Tana da murya. A wurin Lami ka sa ta."

Ya fita ya zauna gindin wata dalbejiya, bai sake shigowa ba.

Labarin da na hana a ba ni a shago, a tsaye cikin rana aka ba ni shi. Lami mahaifiyar Hannatu ce, bara ta rasu. A gidansu mace na da gonarta da rumbunta, kuma babu mai buɗe rumbun mace sai ita, ko mijinta bai isa ba. Ranar da wasu hannaye suka ɗage jinkarsa, to mai shi ba ta duniya. Bayan an tashi zaman makoki matan gida ke buɗewa, su raba hatsin da ta noma ba ta ci ba. Safiyar nan ce a zanen.

"To me ya sa kika yi shi da haske haka?" na ce, kamar laifin fenti ne.

"Rana aka yi ranar, Malam Garba. Ba ni na zaɓa ba."

Sarewar kuma, in ji ta, ita tsohon ke busawa in ya taso daga gona, tun kafin a haife ta. Yakan busa layi ya tsaya, Lami ta amsa da waƙa daga cikin gida, ya busa ya tsaya, ta amsa, har ya iso ƙofa. Da ta rasu sai ya ajiye. Don zanen nan ne ya zauna ya sake tsara busar, ya ja ta a hankali, ya bar wurin amshi yadda yake.

"Ba komai," ta ce. "Ka ba ni na farkon, wanda ba a ɗora komai a kai ba. Shi nake so in ajiye."

"Yana nan. Ki zo jibi."

Jibin nan sai da ta kai shekara da wani abu. Ran nan babu wuta. Ran nan kwalin na ƙasa, sai an sauke na sama. Ran nan na yi tafiya, alhali ina bayan shagon tela a tsugune. Ta gama karatu da sakamakon da ya fi na kowa a ajinsu, ta samu koyarwa a wata makaranta a Unguwar Gabas, shagona ya zama kan hanyarta. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Takan tsaya a ƙofa ta ce, "Malam Garba, ina kwana. An samu?" in ce saura kaɗan.

Ba ma wannan ne mafi muni ba. Sati biyu bayan baje kolin, 'yan'uwan nan nata suka zo suna son kaset ɗin Baba, wai za a yi biki a ƙauye. A lokacin na san komai, na san Lami, na san rumbu. Na ɗauko 'yar da na ajiye na juya musu. Suka dawo da abokai, na juya. Mai tura kaset a baro ya nema, na ba shi. Ɗaliban shekarar gaba kuwa layi suka yi a ƙofata, kowa irin na Hannatu yake so.

Wata Asabar ta zo ba ta tsaya a ƙofa ba. Ta shigo ta ajiye jaka, ta ce yau ba ta da aji, za ta taya ni sauke kwalayen. A na uku ta same shi. Ga sunan Jatau da rubutuna an ja masa layi, a ƙasa an rubuta Ɓera. Ta sa a na'ura da kanta. Murya ta taso daga cikin rijiya tana yi wa ɓerayen Zazzau albishir da mutuwa. Ta saurara har ƙarshe, har inda ake cewa a nemi mai maganin a bakin tasha.

"Yana kashe su kuwa?"

"Malama..."

"Tambaya na yi. Muna da ɓera a makaranta."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ba ita ta busa ba.

"Asabar mai zuwa zan je gida. Ka ɗauko na'urarka ka zo ka faɗa masa da bakinka. In ya yarda ya sake busawa, to."

An gama girbi a lokacin. Muka hau mota zuwa Shika, daga nan acaɓa, ni rungume da ƙaramar na'ura mai batir da sabon kaset, wanda na ɓare a gabanta. Tun kafin mu shiga ƙauyen na ji aikina yana tashi daga rumfar mai shayi. A wurin injin niƙa ma shi ne. Da aka ji ko ni wane ne sai aka yi ta zuwa ana miƙo hannu, wai ga wanda ya fito da Baba Jatau. Aka ce babu taron da ake yi a yankin, aure ko suna ko Kirsimeti, ba a sa shi ba. Wata tsohuwa ta ba ni gyaɗa.

Muka same shi a bayan gida yana saƙar zana. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da na zo faɗi, ban rage komai ba, har da ɓera. Ya ci gaba da saƙarsa har na gama.

"Ka yi mini amarya a kaset, ko goro ba ka aiko ba."

"Na yi kuskure, Baba."

"Kullum tana nan. In tafi gona tana guɗa, in dawo tana guɗa. Lami ma takan huta."

Hannatu ta ce, "Baba, ya zo da na'ura. In ka yarda."

Ita ya duba, ba ni ba. Ya tashi ya zaro kara a tarin da ke jingine da danga, ya yanka, ya sa ƙusa a wuta ya huda, ya gwada, ya jefar, ya sake wani. Na biyun ya karɓa. Ya kai mu gindin wani rumbu marar jinka ya zauna a ƙasa. Na ajiye makirfo, na danna ja.

Layin farko ya taso daidai yadda na san shi. Da ya kai wurin tsayawa bai tsaya ba, yatsunsa suka zarce da gudu, gudun da na murɗa masa. Ya cire sarewa daga baki ya kalli yatsun.

Ya sake. Wannan karon ya tsaya, amma ban kai uku a ƙirga ba ya ɗauka, kuma ƙafarsa na buga ƙasa, kalanguna take bi. Hannatu ta ga ƙafar. Shi ma ya gani, ya ɗora hannu ya danne gwiwar.

A na uku ya rufe ido ya ja shi a hankali, a hankali, ya kai wurin ya tsaya cak. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai wata mata da ke daka a gidan maƙwabta, wadda ba ta ma san muna nan ba, ta ji kiɗan da ta sani, ta rangaɗa guɗa ta kan danga. Wata ta taya ta daga can.

Ya ajiye sarewar a cinya.

"Kashe."

Na kashe.

"Baba, bari in je in ce su yi shiru," in ji Hannatu.

"Ki bar su. Nasu suka sani." Ya juyo gare ni. "Abin da ka ɗauka yanzu, goge shi."

"Baba, na ukun ya fara kyau. Ko rabin nan..."

"Ai ka iya. Goge."

Na mayar da kaset farko, na zare makirfo, na danna ja. Muka zauna mu uku muna kallonsa yana juyawa har ya cinye wurin. A duk shekaruna na sana'a, wannan ne kaɗai kaset ɗin da mai shi ya ce in goge.

Bai sake busa sarewa ba, haka Hannatu ta gaya mini. Damina uku bayan nan ya rasu. 'Yan'uwan nan nata biyu suka zo shago da sassafe, suka ce gobe za a binne shi, kaset ɗinsu duk sun tsufa suna ja, a mayar musu da kiɗan Baba a faifai don a sa a lasifika. Na ce su tambayi Malama Hannatu tukuna. Suka ce ita ta aiko su. Ta ce a gaya mini duk duniya babu sauran inda numfashinsa yake sai nan, kuma kada in taɓa komai.

Na juya musu. Ban taɓa komai ba.